Sunan da Na Kasa Faɗa a Kan Iyaka

Ƙil, ƙil, ƙil, ƙarar cokali a cikin kofin shayi. Daga nan abin ya faro. Na fara da wannan ne saboda matan Islamiyyarmu da maƙwabtana na Gyaɗi-Gyaɗi, waɗanda tun da na dawo daga ƙasar Benin duk wadda ta gan ni sai ta ce, “Maman Sadiƙ, wai da gaske taron taurari kuka je? Me kuka gano?” Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin ƙofa da wajen markaɗe, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Da hantsi ne, ina tankaɗe a tsakar gida, babbar 'yata ta zo daga gidanta na Tarauni. Ta gaishe ni, ta haɗa shayi, ta zauna a gefen tabarma. Sukari ya daɗe da narkewa amma cokali bai daina yawo ba. Na san wannan ƙarar. In magana na bakinta ta rasa ta inda za ta fara, haka take yi.

Ga wadda ba ta san gidanmu ba, ita ce 'yar fari, kuma ban taɓa kiran sunanta ba. Haka mahaifiyata ta yi da yayanmu, haka na tashi na gani. Ana yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Hotoro, a can ta girma har aka yi mata aure. In zan yi mata magana sai in ce “ke”, in zan yi maganarta sai in ce “'yar nan”. Ko a unguwa da sunan ƙaninta ake kirana. Ita kuma “Yaya” take ce mini, don abin da ta ji ƙannena suna faɗa ke nan. Tana koyar da Fiziks a wata kwaleji, tana kuma karatun gaba a kan sararin samaniya.

“Yaya, dama an gayyace ni wani taro ne na masana a Porto-Novo, kusa da Kwatano. Zan gabatar da aikina.”

“Allah Ya sa alheri,” na ce wa rariya.

“To Ummi tun da ta yi zazzaɓin nan ba ta yarda da kowa. In na bar ta ba za ta ci abinci ba, in na tafi da ita ba mai riƙe min ita. Abbanta kuma bai samu hutu ba.” Ƙil, ƙil. “Kawu Sabo zai je sarin atamfa, ya ce zai raka mu.”

Ummi 'yarta ce, shekararta biyar. Sunana aka sa mata, Maryam, shi ya sa uwarta ba ta faɗar sunan, sai ta ce Ummi. Ni da ita kuwa “Takwara” muke ce wa juna. Sabo ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai da ta miƙe za ta tafi ta ƙara da cewa, in an dawo, bayan Babbar Sallah, za su tashi zuwa Afirka ta Kudu ita da mijinta da yarinyar, ta samu gurbin digiri na uku. Shekaru za su yi. Na ce Allah Ya sa a je a sa'a, na ci gaba da tankaɗe. Garin da na tankaɗe ranar ya fi ƙarfin tuwon gidanmu.

Da na gaya wa Malam, maigidana, dariya ya yi. “Ke da ko Zariya za ki sai kin yi sallama da kowa a layin nan? Je ki mana. Ki dubo mana ko sama ta tsage ne suke taron ɗinke ta.”

Aka yi mini takardar tafiya da katin rigakafi. Na haɗa guzuri kamar mai ƙaura: dambun nama, yaji, kuka, garin kunu, fulawa da yis, da daddawa a cikin leda uku, ɗaya cikin ɗaya.

Da sassafe muka hau bas. Sabo ya ce ba zai yi tafiyar dare da yarinya ba, don haka a Lokoja za mu yada zango. 'Yar nan ta zauna a kujerar gabana tare da kawunta, ni a baya kusa da wata Inyamura mai sayar da kwanuka a Sabon Gari, wadda ta ba ni rabin gyaɗarta tun kafin mu fita Na'ibawa. Ummi kuwa ita ce 'yar aike, ta zo cinyata ta koma ta uwarta.

Bayan mun wuce Kaduna dabinon da ke hannun Ummi ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Ta ce, “Mami, me ya sa komai ƙasa yake faɗuwa, ba ya faɗuwa sama?”

“Don ƙasa tana jan sa. Duk abu mai jiki yana jan ɗan'uwansa. Ƙasa tana jan wata, rana tana jan ƙasa.”

Sabo ya juyo. “Shi ke nan karatun? Duk shekarun nan kina karanta cewa abu yana faɗuwa? Ai ni tun ina rarrafe na gano wannan da goshina.”

Ta yi dariya. “Kawu, in ka jefa dutse sama, yaya yake yi?”

“Ya rage gudu, ya dawo ya fasa maka kai.”

“To taurari garke-garke suke. Masana sun daɗe da sanin cewa garkunan na nesa suna ta nisantar juna, sararin da ke tsakaninsu yana buɗewa. Kowa ya ɗauka tunda suna jan juna, gudun zai riƙa raguwa kamar na dutsenka. Da aka auna da kyau sai aka ga ƙaruwa yake yi.”

“Wato dutsen yana sama ya ƙara wuta?”

“Ƙwarai.”

“A'uzubillahi. To wa ke tura shi?”

“Tambayar da za mu je yi ke nan.”

“Har sai an tsallaka iyaka? Ai da kin tambaya a waya.”

Matar nan ta kusa da ni, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan Kano, ta zungure ni ta ce, “Ƙanwarki ce? Tana da kai.” Na ce, “Uhm,” na duba taga.

Mun isa Lokoja da la'asar. Zafin garin daban ne, mai ɗanko, kamar ka shiga kicin ana turara dambu. Muka sauka a wani masauki kusa da kogi, muka yi sallah, Sabo da 'yar nan suka fita neman abinci. Ina tsefe wa Ummi kai sai ta ce, “Takwara, kin manta sunan Mami ne?”

“Wa ya ce miki?”

“Ba kya kira. Mami ta ce wa Abba ko mun tafi can nesa ke ba za ki ji komai ba, wai kin saba da rashinta.”

Na ce ta tsaya da kanta daidai. Suka dawo da soyayyen kifi da doya, kifin kuwa mai daɗi ne, kowa ya yaba. Ni dai na ci, amma ban san ta inda ya wuce ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa tana karanta shirun nan a haka ba. Na ɗauka kowa ya san fassararsa.

Legas ba zan daɗe a kanta ba, don da yawanku kun je. A Agege muka kwana, gidan wani aminin Sabo ɗan unguwar Babban Giji ta Kano, matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe har na manta ba a Kano nake ba. Abin da kawai zan ce, mutanen garin ba sa tafiya sai gudu, kuma kwandasta yana kiran sunan unguwa kamar wanda ake bi da sanda.

Washegari muka kama hanyar Badagiri zuwa iyakar Seme. Nan ne abin dariyar da wasunku suka ji ƙishin-ƙishinsa ya faru, to ga yadda aka yi.

Muna isa Sabo ya hango wani abokin cinikinsa, ya ce mu shiga layi yana zuwa. Aka kira 'yar nan wata taga daban don duba takardar gayyatarta. Na rage ni da Ummi da jaka a gaban wani jami'i matashi mai fara'a. Ya buɗe jakar, ya kai hannu kan ledar daddawa, ya kwance ta farko, ya kwance ta biyu, bai kai ta uku ba ya ja da baya ya ce in rufe, ya yarda. Sai ya duba takardar Ummi, ya tambaye ni da Turanci, 'yar wace ce?

Turancina na sakandare yana nan, bai mutu ba. Na ce jikata ce, ga uwarta can.

“Mene ne sunan uwar?”

Ga ta can tsaye, tana jin mu. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Wallahi ba taurin kai ba ne. Kamar a ce ka cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Na nuna takardar na ce, “Yana ciki.”

“Na san yana ciki, Mama. Ke nake so ki faɗa.”

Na sake nuna masa takardar. Fara'ar ta ragu. Ya durƙusa gaban yarinya ya ce ya sunanta. Ta ce, “Ummi.” Ya duba takarda, Maryam. Ya nuna ni ya ce wace ce wannan? Ta ce, “Takwara.” Ya yafito 'yar nan, tana zuwa ta ce, “Yaya, lafiya?” Ashe yana jin 'yar Hausa kaɗan. Ya ce, “Yaya? Mama, ba kin ce yarinyar jikarki ce ba?” Ya ce to ita ta faɗi sunan yarinyar kamar yadda yake a rubuce. 'Yar nan ta dube ni, ta dubi ƙasa. Mace mai shirin yi wa masana bayanin sammai, ta kasa faɗar “Maryam” a gabana.

Ban ga laifinsa ba. Ana satar yara a duniyar nan, aikinsa yake yi. Ya ce mu zauna a benci, ya tafi ya kira shugabarsa.

Sai ga wata mata doguwa cikin kaki, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Ta saurare shi, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce da Hausar Kano tsantsa, “Mama, 'yar fari ce ko?”

Na ce, “Ita ce.”

“Ita kuma ƙaramar sunanki ta ci?”

“Shi ne.”

“Wayyo Allah. A Unguwar Gano aka haife ni, Mama. Iyayena mutanen kudu ne, amma Ladi maƙwabta ke kirana har yau. Matar da ta raine ni ta rasu ban taɓa jin ta kira babban ɗanta ba, sai dai ta ce ‘wancan mai ƙaton kan’.” Ta yi wa yaron bayani, ta yi wa Ummi wasu tambayoyi cikin wasa, ta gwada fuskoki da hotuna, ta tambayi 'yar nan abin da za a yi a taron, ta buga mana hatimi. Ta ce, “Ku sauka lafiya, iyalin da ba su da suna.”

Sai a lokacin Sabo ya ɓullo da rake a hannu yana cewa, “Har kun gama? Kun ga amfanin tafiya da wanda ya san hanya.”

A mota kowa ya yi ta dariya, har da 'yar nan. Amma na lura dariyarta ta riga ta kowa tsayawa.

Ƙasar Benin tsallake ɗaya ce amma komai ya juya. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, jere kamar zuma. Mata suna tuƙa babur da goyo a baya, ba mai kallonsu. Rana tana tsaka za a fara yi maka barka da yamma. Sabo ya ce yana jin Faransanci, amma na lura duk abin da aka ce masa “wi, wi” yake cewa, har mai mota ya wuce da mu masaukinmu ya kai mu bakin wata kasuwa. Da ya ga mun sauka lafiya ya wuce Kwatano wajen atamfarsa.

Masaukin na wata dattijuwa ne da kowa ke ce wa Madam. Ba ta jin Hausa ko Turanci, ni ba na jin nata, amma mun yi hira sosai. Ranar farko na tsaya a ƙofar kicin ɗinta ina leƙen tukunya, ta gane damuwata, ta ɗago kifi ta nuna mini, ta yi alamar alade da hancinta ta kaɗa yatsa, wato babu shi a gidan. Da na kwance daddawata sai ta shinshina, ta dafa ƙirji, ta ruga ta ɗauko tasu. Iri ɗaya ce, sai dai tasu ta fi laushi. Daga nan ta sakar mini murhu ɗaya.

Abincinsu akwai wani kamar kafa da ake ci da miyar tumatir da kifi da barkono mai sa hawaye. Akwai cukun Fulani mai jan baya da suke soyawa a sa a miya, na ɗauka awara ce. Abarbarsu doguwa ce, fara a ciki, ba ta kama harshe. Burodinsu kuwa dogo ne kamar muciya, da tauri a baya. Ummi ta gatsa sau ɗaya ta ce ita ba za ta ci sanda ba.

Ranar Juma'a muka fita neman babban masallaci. Aka yi mana kwatance, muka je muka wuce shi har sau biyu, don ginin sak coci, da fenti kala-kala. Na ce wa Ummi ta gaya wa uwarta mun ɓata. Sai ladan ya ɗaga murya daga cikinsa. Na tsaya a titi ina ta tasbihi. Kiran sallar dai shi ne namu, ba ragi ba ƙari.

Saboda Ummi ta ƙi burodi, ana gobe uwarta za ta yi jawabi na kwaɓa fanke da yamma. 'Yar nan tana zagaye tsakar gida tana maimaita jawabinta a hankali. Ta zo ta tsaya a kan kwanon ƙullin, ta ɗebi riɗi a kwalbar Madam ta barbaɗa a kai, ta ce wa Ummi, “Ki duba yadda suke kusa da juna. Za mu dawo.”

Da ƙullin ya tashi ta kira ta. “Kin gani? Ba wanda ya yi tafiya a cikinsu, amma duk sun yi nisa da juna. Ƙullin ne ya buɗe. Haka sarari yake yi da garkunan taurari.”

Ina ɗora mai a wuta na ji bakina ya ce, “Ke, to mene ne naki a ciki?”

Ta juyo ta ga ko da wani nake. Rabon da in yi mata tambayar da ba ta lafiyar gida ba, ban tuna ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna.

“Yaya, a kan abin da ke ƙara gudun nan masana sun rabu. Mafi yawa sun ce akwai wani abu da ya cika sarari, ba a ganinsa, ba a taɓa kama shi ba, shi ke turawa. Lissafinsu yana fita daidai, amma in aka ce mene ne abin, sai a yi shiru. Wasu kuma, ina cikinsu, mun ce wataƙila babu wani baƙon abu. Wataƙila jan nan ne ba mu gama saninsa ba. A kusa muka fi auna shi, tsakanin ƙasa da wata da rana. Wa ya sani ko a can nesa yana canza hali, har mai kallo ya ɗauka turi ne?”

“Ja ne, amma daga nesa sai a ɗauka turi ne,” na maimaita.

“Haka muke zato. Wahalar ita ce, duk gyaran da za ka yi wa dokar dole ya bar na kusa yadda yake. Kofi ya faɗi yadda ya saba, wata ya fito a kan lokacinsa. Gyare-gyare da yawa an gwada su da abin da aka hango, sun faɗi. Nawa ma zai iya faɗuwa.”

“Ba leƙen asirin Ubangiji ba ne wannan?”

“Aunawa kawai muke yi, Yaya. Ba mu muka shimfiɗa ba. Ni kullum na ƙara aunawa sai in ƙara jin ƙanƙantata.”

Ummi da ke tsintar riɗi tana ci ta ce, “Mami, gidan Takwara ma zai yi ta yin nisa?”

“A'a. Dubi ƙwayar riɗin, ta kumbura? Tsakaninsu ne kawai ya buɗe. Abin da ya riƙe juna da kyau ba ya buɗewa. Gida, da gari, da duniyar nan, har garken taurarin da muke ciki, duk suna nan a haɗe.”

Mai ya fara hayaƙi. Fanken farko ya ƙone, na ce laifin murhun Madam ne.

Washegari na sa atamfata mai kyau da sabon hijabi, muka zauna ni da Ummi a kujerar ƙarshe ta zauren. Mutanen ba su da yawa, ba su kai taron suna ba. Akwai baƙaƙe, akwai Turawa, akwai wani Ba'indiye mai silifas. Al'adarsu in sun haɗu sai su haɗa kumatu, maza da mata. Na tura hannayena cikin hijabi na riƙa gaisuwa da kai. Suna shan gahawa kamar ruwa, suna musu da alli a hannu, wani ya goge rubutun wani, in an tashi kuma su tafi cin abinci tare suna dariya.

Da aka kira ta, da cikakken sunanta da na mahaifinta, ta fita gaban allo. Ta ɗauki alli ta fara bayani. Ban fahimci lissafin ba, haruffa ne da ƙugiyoyi, amma na gane wuraren da ta gaya mini a kicin. Na gane inda ta ce a kusa doka tana nan yadda aka san ta, na gane inda ta ce a nesa. Ina jan carbi a ƙarƙashin hijabi.

Da ta gama wani dattijo mai furfura, an ce daga Senegal yake, ya miƙe ya yi mata doguwar tambaya. Ta amsa rabi. Ya sake tambaya. Ta dubi allo, sannan ta ce, “Wannan ban sani ba tukuna.” Na ce a raina shi ke nan an kayar da ita. Sai na ga dattijon yana gyaɗa kai yana murmushi, aka tafa. Ashe a wurinsu ma faɗar “ban sani ba” daraja ce, kamar yadda malaman kirki na gida ke rufe magana da cewa Allah ne mafi sani.

A wajen shan gahawa dattijon ya zo inda muke. Ya tambaye ta ko yayarta ce ni. Ta ce da Turanci, “Mahaifiyata ce.” Ban taɓa jin ta faɗa ba, ko da wane harshe. Ya dafa ƙirjinsa ya yi mini sallama irin ta Musulunci, ya ce 'yata tana da gaskiya a aikinta, kuma abin da ba ta sani ba shi ma bai sani ba. Ya ce, “Kina alfahari da ita ko?”

Kun san yadda muke. A yabi 'yar fari a gabanka, ina za ka sa fuskarka? Na sunkuyar da kai na gyara wa Ummi ɗankwali. Da na ɗago ta gefen ido, na ga 'yar nan ta yi ɗan murmushi irin na wanda dama bai sa rai ba, ta ɗauki kofi ta sa cokali. Ƙil, ƙil, ƙil. Gahawar ko sukari babu.

Na yi ta juya abin a sallolina na sauran kwanakin. Ban ga aibin kunya ba, har gobe. Da ita aka raine mu, kuma ni ban taɓa shakkar ƙaunar da mahaifiyata ke yi wa yayanmu ba, don ina kusa da ita, ina ganin wa take ajiye wa tsoka a miya. Amma 'yar nan a Hotoro ta girma. Daga can ta riƙa hange. Ga shi za ta ƙara nisa.

Sabo ya dawo da dilar atamfa da sabon Faransanci, Madam ta cika mini leda da daddawarsu, na bar mata yajina. Muka kamo hanya.

A Seme ina addu'a a raina, sai ga ta kuwa, Ladi, a bakin taga. Tana hango mu ta ɗaga hannu. “A'a, iyalin da ba su da suna! An gano mai tura taurarin?” Ta duba takardunmu ta buga hatimi. “Ku wuce, Mama, a gaida Kano.”

Ban wuce ba. Na ce, “'Yata, yau ba a tambaye ni ba.”

“Me fa?”

“Abin da yaronki ya tambaya rannan.”

Ta dube ni, ta dubi 'yar nan da ke sa takardu a jaka. Yarinyar Unguwar Gano ce, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta gyara hularta, ta ɗaure fuska, ta ce da muryar aiki, “Hajiya, wace ce wannan da kike tafe da ita?”

Na riƙe hannun Ummi da kyau.

“'Yata ce. Ta fari. Malama ce, masana sun tafa mata ina zaune.” Na ɗago kai. “Sunanta Hafsatu.”

Sabo ya ce, “La'ilaha illallahu,” dila ta zame daga kafaɗarsa. Ladi ta ɗauki hatimi ta buga a kan teburin banza ta ce, “An karɓa.” Ita kuwa mai sunan ta juya mana baya, ta duƙa tana neman wani abu a cikin jaka, ta daɗe tana nema.

To ga labarin tafiya, 'yan'uwa. Masu tambayar tsaraba, abarba ba ta iso ba, mun cinye ta a Lokoja. Masu tambayar ko an gano abin da ke ƙara wa sama gudu, ba a gano ba, an dai sa wani taron. Malam ya ce dama ya san sai an koma. Masu tambayar ko yanzu ina kiran sunan, a'a, mun dawo gida na koma “ke”, ita ma ta koma “Yaya”. Sai dai yanzu in ta zo ba ta zama a gefen tabarma, tsakiya take zama, jiya ma har ta kwanta ta yi barci ina tsintar shinkafa a kusa da kanta. Na fara daka musu yaji da kuka na tafiya.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne a motar da ta ɗauko mu daga iyaka. Uwar Ummi tana gaba, ta jingina kai da gilashi. Ummi ta hau cinyata, ta kama kunnena ta cikin hijabi, ta yi raɗa irin ta yara, wadda duk motar ke ji.

“Takwara, ashe kin san sunan Mami. Sake faɗa da ƙarfi, don ta tafi da shi.”